Wace inbata ce ta dace da gidanka? Jagorar zaɓen inbatar sola a Bauchi

Duk wanda ya shiga shagon kayan sola a garin Bauchi, tambayar farko da za a tare shi da ita ita ce: "Alhaji, kVA nawa kake so?" Wato girman inbata ake tambaya, na'urar nan da ke mayar da wutar batir zuwa wutar gida. Tambayar tana da amfani, amma ta yi gaggawa. Inbata biyu za su iya ɗauke da lamba ɗaya, a ce 3.5kVA, ɗaya ta tayar da sumon bohol ko gezau, ɗayar kuma ta fara kuka ta ɗauke wuta da zarar firiza ta tashi. Abin da ya bambanta su yana ciki: irin wutar da suke fitarwa, ko akwai babban taransifoma ko babu, yadda suke hulɗa da wutar NEPA, irin cajar da ke cikinsu, da batirin da za su iya zama da shi lafiya. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, a jeren da ya kamata mai saye ya bi.

Mataki na farko: takarda da biro, kafin kasuwa

Zagaya gidan ka rubuta duk abin da za a ɗora wa inbata, tare da wat ɗin da aka rubuta a jikinsa. Ƙwan fitila na zamani yana cin 7W zuwa 15W. Fankar sama irin wadda aka saba tana cin kimanin 75W. Talabijin da dikoda a haɗe, a ba su 100W. Firji ko firiza na gida sukan ci 100W zuwa 200W lokacin da kwamfuresa ke aiki. Dutsen guga yana kai 1,000W ko fiye, hitar dafa ruwa ta fi haka. Esi mai doki ɗaya da rabi tana cin 1,100W zuwa 1,300W. Sumo mai doki ɗaya kuwa, ko da yake doki ɗaya 746W ne a lissafi, abin da yake zuƙa daga waya yakan wuce 1,000W.

Lamba uku kake nema daga wannan takarda. Ta farko ita ce jimillar abin da zai yi aiki a lokaci guda. Ta biyu ita ce fizgar da injin da ya fi kowanne girma zai yi a lokacin tashi. Ta uku ita ce wutar da gidan zai sha daga faɗuwar rana zuwa hantsi, wadda za mu dawo kanta idan mun zo maganar batir.

Lamba ta biyu ita ce ake mantawa, kuma ita ce take kunyata mutane. Duk abin da ke da mota, wato injin da wuta ke juyawa, a ciki, firji ne, sumo ne, esi ce ta tsohon yayi, a daƙiƙar farko yana fizgar ninki uku zuwa shida na abin da yake ci idan ya daidaita. Ɗauki gida a Fadaman Mada mai fanka 4, ƙwai 10, talabijin, firji da firiza: kimanin 800W ke nan. A ƙara sumo, ya zama 1,900W. A takarda inbatar 3kVA ta isa har da saura. Amma idan sumon ya fizgi ninki huɗu, 4,400W ke nan, ga kuma 800W da ke kai tun da farko, an kai 5,200W. Inbatar da ba za ta iya jure wannan na daƙiƙa biyu ba, kashe kanta za ta yi.

Sannan kVA da kilowat ba abu ɗaya ba ne. Inbatoci da yawa ana ninka kVA ɗinsu da 0.8 kafin a sami ainihin wat: 3kVA ta zama 2,400W, 5kVA ta zama 4,000W. Wasu sababbi kuma 5kVA ɗinsu 5,000W ce cif. Juya inbatar ka karanta takardar da aka manna a gefenta, wat ɗin yana nan a rubuce. Bayan haka ka bar rarar kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari, saboda zafin garinmu da kuma kayan da uwargida za ta ƙaro baɗi.

Mataki na biyu: tsabtar wutar

Wutar NEPA tana hawa da sauka ne a hankali kamar igiyar ruwa, sau 50 a daƙiƙa, a kan 230V. Inbatar da take kwaikwayon wannan daidai ita ce za ka ga an rubuta Pure Sine Wave a kwalinta. Ɗaya nau'in, mai rubutun Modified Sine Wave, wutarta tsalle-tsalle take yi kamar matakala. Ƙwan fitila da cajar waya galibi ba ruwansu. Mota kuwa tana ji a jikinta: fanka ta riƙa gurnani, kwamfuresar firji ta yi zafi fiye da kima, rediyo da lasifika su riƙa tsaki, wasu na'urorin asibiti da firinta su ƙi aiki sam. Zafin nan shi ke cin rufin wayoyin da aka naɗe a cikin mota har wata rana ta ƙone.

A nan babu dogon zance. In ba mai rumfar cajin waya ba da ƙwai biyu, kowa ya sayi mai tsabtatacciyar wuta. Ratar kuɗin da ke tsakaninsu ba ta kai kuɗin kwamfuresa ɗaya ba. Idan kana shakkar abin da aka rubuta a kwali, musamman ƙananan inbatocin nan marasa nauyi da ake rubuta musu 2000W ko 3000W, ka sa a jona fanka a gabanka. Kunnenka zai gaya maka gaskiya.

Mataki na uku: mai taransifoma ko marar nauyi

Wannan ne bambancin da ya fi taɓa aikin yau da kullum, don haka a tsaya a kansa.

Inbata mai taransifoma tana da babban naɗin waya a kan ƙarfe a cikinta. Shi ke ɗaga wutar batir zuwa 230V. Za ka gane ta da nauyi: mai 5kVA takan wuce kilo 35, sai mutum biyu. Wannan tulin ƙarfe da tagulla shi ne ƙarfinta. Masu kyau daga cikinsu suna jure ninki uku na ƙarfinsu na 'yan daƙiƙoƙi, suna shanye fizgar mota, kuma taransifoman yana shiga tsakanin batir da duk wata ɓarnar da ta biyo layi. Gyaranta ma ya fi sauƙi a wajenmu, domin abin da ya fi ƙonewa a ciki ƙananan taransisto ne da masu gyara suka saba canzawa. Yawancin inbatocin Indiya da aka daɗe ana amfani da su da batirin ruwa irin wannan ne, haka ma wasu masu tsada na Turai irin su Victron MultiPlus.

Aibinta shi ne ci. Ko ba a kunna komai ba, taransifoman yana shan wuta don ya zauna a farke. Babba takan sha 60W zuwa 100W a banza, dare da rana. A ce 80W ne: cikin awa 24 ya zama 1,920Wh, wato wat sau awa, kusan duk abin da farantin sola ɗaya mai 550W zai tara a yini. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikinsu ba su da cajar sola a ciki, sai ka sayi caja kwantrola daban.

Ɗaya nau'in ana ce masa marar taransifoma, ko da yake akwai ɗan ƙarami a ciki da ke aiki da sauri ƙwarai. Ita ce farar akwatin nan da ake rataye wa a bango, mai 5kVA ba ta wuce kilo 10 zuwa 12. Asararta kaɗan ce, takan mayar da sama da kashi 90 cikin ɗari na wutar batir zuwa wutar gida, cin ta na zaman banza ya fi ƙanƙanta, kuma kusan kullum tana zuwa da cajar sola da cajar NEPA a ciki. Irin su Growatt SPF 5000 ES da ire-irenta duk a wannan gida suke. Rauninta shi ne fizga: akasari ninki biyu take jurewa, na daƙiƙa biyar ko ƙasa. Inbatar 2,400W ke nan ta tsaya a 4,800W, ka ga gidan Fadaman Mada da 5,200W ɗinsa ya fi ƙarfinta. Idan kuma ta lalace, sau da yawa bod ɗin, wato allon na'urorin da ke cikinta, gaba ɗaya ake canzawa. Saboda haka kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai shago, "Malam, in bod ɗinta ya ƙone, akwai shi a nan, ko sai an aiko daga Kano ko Legas?" Amsarsa ta fi takardar garanti muhimmanci.

Ra'ayinmu: gidan da kayansa fanka ne, fitila, talabijin, firji da esi ta zamani mai tashi a hankali, marar taransifoma ta fi masa riba. Wajen da mota ce sarauniya, kamar mai sayar da ƙanƙara da firiza biyar, mai injin markaɗe, mai kwamfuresar iska, ko gida mai babban sumo, ya nemi mai taransifoma, ko kuwa ya sayi marar nauyin da ta ninka buƙatarsa. Injin walda kuma, a bar wa janareta shi.

Mataki na huɗu: zamanta da wutar NEPA

Nau'i uku ne a nan, kuma sunayen sun cakuɗe a kasuwa.

Akwai wadda take jingina kacokan da layin NEPA, wadda ake rubuta wa Grid-Tie. Ba ta da batir. Tana karɓar wutar faranti ta zuba a layin gida, abin da ya yi saura ya wuce layin gari. An gina ta ne yadda da zarar an ɗauke wuta ita ma za ta mutu nan take, ko da rana na tsakiyar kai, domin kada ta tura wuta layin da ma'aikaci yake tsammanin a kashe yake. A ƙasar da ba a ɗauke wuta, ita ce mafi araha. A Bauchi kuwa, ka sayi abin da zai bar ka cikin zafi daidai lokacin da kake buƙatarsa. Ƙananan inbatocin nan da ake maƙala wa kowane faranti tasa a bayansa, waɗanda kamfanin Enphase ya shahara da su, su ma wannan dokar ce take kansu. Suna da amfani a rufin da inuwa ta yi wa yawa, amma sai da tsayayyar wuta. Inda nau'in nan yake da wuri a wajenmu shi ne masana'anta ko babbar makaranta da ke aiki da rana a kan babban janareta, a haɗa shi da na'urar da ke hana wutar sola komawa cikin janaretan, don a rage shan man dizal. Wannan aikin injiniya ne.

Na biyu ita ce mai cin gashin kanta, wadda batir ne tushenta. Tana da ƙofar shigar NEPA ko janareta, amma ba ta mayar da wuta baya. Yawancin abin da ake kira "haibirid" a shagunanmu wannan ce: inbata, cajar sola da cajar NEPA a akwati ɗaya. Ba laifi ba ne, ita ce ma ta dace da akasarin gidaje. Sai dai ka san abin da ka saya.

Na uku ita ce haibirid ta gaskiya, irin su Deye da Sunsynk. Tana iya gauraya sola, batir da NEPA a lokaci guda, tana iya tura wuta baya zuwa kayan da ba a ɗora mata ba, tana da ƙofar janareta daban, kuma da yawansu rufaffu ne ruf, ƙura ba ta shiga. Tsadarta ta fi ta biyun nesa. Wanda ya sa ta, lallai a saita ta kada ta fitar da wuta waje, a kuma maƙala ɗan zoben awon da ke zuwa da ita a kan wayar da ta fito daga mita, kibiyarsa ta fuskanci inda littafinta ya ce. Wasu mitocin kati ba su san gaba da baya ba: wutar da ka tura waje sai su lissafa ta a matsayin wadda ka sha, kuɗinka ya riƙa tafiya.

Ko wacce ka ɗauka, duba saiti biyu. Na farko shi ne iyakar wutar da za ta karɓa daga layi. Inbatoci da yawa suna da zaɓi biyu: UPS, mai karɓar 170V zuwa 280V, da APL, mai karɓar 90V zuwa 280V. A unguwar da wuta ke zuwa ƙasa-ƙasa, mutane sukan sa APL don batir ya samu caji. Amma ka sani inbatar ba ta gyara wutar, yadda ta shigo haka take miƙa ta ga firjinka. Wutar 130V tana ƙona kwamfuresa. Ko dai a bar ta a UPS, ko a sa sitabilaiza a gabanta. Saiti na biyu shi ne wa za a fara sha: SBU na nufin sola, sannan batir, sannan NEPA, ya dace da mai batirin lithium da ke son rage kuɗin kati. Mai batirin ruwa gara ya sa sola da NEPA a gaba, ya adana batir don lokacin da babu su.

Janareta ma yana da nasa. Marasa taransifoma sukan ƙi karɓar wutar ƙaramin janareta idan gudunsa yana rawa. Ka nemi wanda ya fi inbatar girma da kamar rabi, ka kuma rage yawan cajin da za ta ja daga gare shi, in ba haka ba za ka ji ta tana kamawa tana saki.

Mataki na biyar: cajar da ke ciki

Cajar sola iri biyu ce: PWM ko MPPT. Ta farko tana jawo farantin ne ƙasa zuwa matakin batir. Farantin 550W yana ba da kimanin 13A, wato amfiya 13, a kan 42V. Ɗora shi a kan batirin 24V da ke caji a 28V ta hanyar PWM, abin da za ka samu 13 sau 28 ne, wato 364W. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi. MPPT kuwa tana mayar da rarar bolt ɗin zuwa ƙarin caji. Da manyan farantan da ake sayarwa yanzu, inbata mai PWM a ciki asara ce ko da an rage maka kuɗi. Araha ba ta ado.

MPPT ɗin ma iri biyu ce, kuma a nan ake ƙona inbatoci sababbi fil. Akwai mai ƙaramar ƙofa, wadda iyakarta 145V ce ko ma kusan 100V, akwai mai babbar ƙofa da ke kai 450V ko 500V. Lambar da za ka duba a bayan faranti ita ce Voc, wato bolt ɗinsa lokacin da ba a jan komai. Na 550W yana kusa da 50V. Idan aka jera faranti a layi ɗaya, jan wannan zuwa baƙin wancan, bolt ɗinsu haɗuwa yake yi. Inbata mai iyakar 145V, biyu za ta ɗauka a jere cikin kwanciyar hankali. Uku sun kai 150V, sun wuce.

Sanyi kuma yana ƙara Voc. Lambar da ke bayan faranti an auna ta ne a maki 25 na zafi. Da asubahin hunturu, a Disamba ko Janairu, idan sanyi ya sauka zuwa maki 12 ko 13, Voc yana ƙaruwa da kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. Faranti 10 a jere 500V ne a takarda, da sanyin safiya su kusanci 520V, kuma inbata mai iyakar 500V ba ta yafe wannan. Tara ne iyaka, su ba da kimanin 466V. Mutanen Toro da sauran wuraren da ke kusa da tsaunukan Jos, inda sanyi ya fi tsanani, su ƙara barin rata.

Ta ƙasa ma akwai iyaka. Mai babbar ƙofa sau da yawa ba ta aiki sosai sai ta ga 120V. A zafin Afrilu, faranti a kan kwano yana iya kai maki 65, bolt ɗin aikinsa ya sauko daga 42V zuwa kusan 37V. Uku a jere 111V ke nan: da safe ta yi caji, da azahar ta tsaya, mai gida ya yi ta zargin batir. Huɗu ne mafi ƙaranci. Haka nan ka duba iyakar amfiyar da ƙofar ke karɓa. Idan 18A ce, jeri biyu na faranti masu 13A a haɗe sun fi ƙarfinta, rarar ba za ta shiga ba.

Mataki na shida: 12V, 24V ko 48V, da batirin da zai zauna da ita

Duk lokacin da bolt ya yi ƙasa, amfiya hawa take yi, ita ce kuma take sa waya zafi. Ɗaukar 3,000W daga batirin 12V na nufin 250A, daga 24V 125A, daga 48V kimanin 63A. Don haka 12V ta tsaya a wajen 1,000W zuwa 1,500W, 24V ta tsaya a 3,000W, abin da ya wuce nan 48V ne. Wanda yake da niyyar ƙara kaya nan gaba ya fara da 48V tun yanzu, domin inbatar 24V ba ta komawa 48V. Wayar batir ta inbatar 5kVA mai 48V, ko 3kVA mai 24V, kada ta gaza 35mm², tagulla zalla, gajeriya, da kawunan da aka matse da abin matsewa, ba da guduma ba.

Yanzu lamba ta uku, wato wutar da gidan zai sha daga faɗuwar rana zuwa hantsi. Gidan nan namu da dare: fanka 3 na awa 10, 2,250Wh, ƙwai 6 na awa 5, 300Wh, talabijin na awa 4, 400Wh, firji da ke tashi yana hutawa, a ba shi 900Wh. Jimilla 3,850Wh, a ce an kashe firiza da magariba tun da ta daskare da rana. Ƙara asarar kashi 10 cikin ɗari, ya kusa 4,300Wh. Ƙara cin inbatar kanta, a ce 45W na awa 12, 540Wh. An tashi a kimanin 4,800Wh. Batirin ruwa mai 12V da 220Ah guda huɗu suna ɗauke da 10,560Wh, amma rabi ake sha idan ana son su daɗe, wato 5,280Wh. Sun isa da ƙyar. Lithium ɗaya mai 51.2V da 100Ah yana da 5,120Wh, ana iya shan kashi 90 cikin ɗari, kimanin 4,600Wh, ya ɗan gaza. Da inbatar mai cin 90W ce, da lissafin duka ya rushe. Shi ya sa cin zaman banza lamba ce da ya kamata a tambaya.

Inbatar dole ta yarda a saita mata bolt ɗin caji da yawansa. Batirin ruwa yana son kimanin 14.4V ga kowane 12V lokacin cikawa, wato 57.6V a tsarin 48V, sannan a sauko kusan 54V. Yawan cajin kuma kusan kashi 10 cikin ɗari na girmansa, 22A zuwa 30A ga jeri ɗaya na 220Ah. Inbatar da ke iya tura 80A, idan aka bar ta a sake a kan jeri ɗaya, tafasa ruwan za ta yi, cikin 'yan watanni batura su kumbura. Lithium kuwa yana da na'urar tsaro a cikinsa, BMS, kuma ya fi kyau inbatar ta riƙa magana da ita ta wayar CAN ko RS485. Ba kowace inbata ce ke jin yaren kowane batir ba. A gwada a shago ka ga kason cajin ya fito a fuskar inbatar. Tsofaffin masu taransifoma da ba a iya canza musu saiti, kada a haɗa su da lithium. Ka kuma lura, BMS na batirin 100Ah akasari 100A take bari ya fita, kusan 5,000W. Fizgar sumo za ta iya sa batirin ya kashe kansa alhali inbatar lafiyarta ƙalau.

Wani ɗan ratse game da ruwa. Idan babban dalilinka na sa sola shi ne bohol ko noman rani, kamar masu lambu a fadamun Jama'are, akwai inbata ta musamman ta famfo. Ba ta buƙatar batir. Tana tayar da sumo a hankali ba fizga, ta ƙara masa gudu yayin da rana ke ɗagawa, tankinka ya zama shi ne ma'ajiyarka. Sau da yawa raba sumo da gida ta wannan hanya ya fi sauƙi a kan sayen ƙatuwar inbata saboda aikin minti arba'in a yini.

Mataki na bakwai: zafi, ƙura da tsawa

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura maki 40, a Azare da kewayenta ma abin ya fi. Inbatoci da yawa suna fara rage ƙarfinsu da kansu idan iskar da ke kewaye da su ta wuce maki 40 zuwa 45. Kada a sa ta a ɗakin ajiya marar taga, ko a bangon da rana ke duka da yamma. A bar mata kamar santimita 20 a gefe da 50 sama da ƙasa. Kada a rataye ta daidai saman batirin ruwa, tururin asid yana cin bod. Batirin ruwa kansa, duk ƙarin maki 10 a kan 25 yana rage kusan rabin rayuwarsa.

Da hunturu fankokin inbata suna zuƙar ƙura su shimfiɗa ta a kan bod, idan damina ta zo ta jiƙa da laima ta zama hanyar wuta. Dubi lambar IP: IP20 ko IP21 buɗaɗɗiya ce, tana son a kashe ta a hure ta da iska a ƙarshen hunturu, a wanke ragar tace ƙura in tana da ita. IP65 rufaffiya ce. Tsaka da kyankyasai ma suna son ɗumin ciki, kuma tsaka ɗaya ta isa ta haɗa wuta. A toshe ramukan shigar waya.

Kafin ruwan farko, a tabbata akwai abin kare tsawa a ɓangaren faranti da ɓangaren NEPA, da sandar ƙasa da aka kafa a wuri mai laima aka haɗa da jikin inbata da firam ɗin faranti. Firam kawai: a yawancin masu babbar ƙofa ba a haɗa jar waya ko baƙar wayar faranti da ƙasa. Tsakanin batir da inbata a sa fis ko birekar DC. Birekar gida ta AC ba ta iya yanke wutar faranti mai 400V, tartsatsin ba ya mutuwa, narkewa take yi.

Ranar haɗawa

Batir ake fara haɗawa, bayan an auna ja da baƙi da mita, domin juya su yana kashe inbata nan take kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. A kunna ta ba kaya, a saita nau'in batir, bolt ɗin caji, yawan caji da inda za ta yanke. Sannan a auna jerin faranti da mita, a ga bai kai iyakar da ke jikinta ba, kafin a ɗaga birekarsa. Sai NEPA, sai kaya. Wajen kwancewa a bi ta baya, batir ne na ƙarshe. Mai wayarin ya raba layin kayan da ke kan inbata da sauran gidan sarai, ya duba sau biyu cewa wutar NEPA ba ta da hanyar zagayowa ta shiga ta ƙofar fita, domin wannan kuskuren a daƙiƙa ɗaya yake cin bod.

Kada mai haɗawa ya tafi sai an yi gwajin gaske. A kashe NEPA da faranti, a bar batir kaɗai, a kunna duk abin da aka saba kunnawa, sannan a tayar da sumo ko esi a kai, sau uku, da hutun 'yan mintuna a tsakani. Bayan rabin awa a taɓa wayoyin batir da kawunansu: ɗumi kaɗan ba komai, wanda ya ƙona yatsa kuwa bai ɗauru ba ne ko wayar ta yi siriri. A rubuta duk saitin da aka sa a takarda a manna a bango kusa da ita, tare da bolt ɗin batir da magariba da kuma na asuba a daren farko, don a sami abin kwatantawa bayan wata shida.